Dattijon da ba ya barin komai a cikin rami

Wannan makon ba zancen allurar rigakafi ko yaye zan yi miki ba. Ki yi haƙuri ki biyo ni gona. Labari ne na zomo da wata 'yar dabba mai wari, amma kafin mu rabu zai dawo da mu bayan firjin ɗakinki.

Shekara uku ke nan da aikin jinya ya kawo ni arewacin Ingila. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da nake gani duk safiyar Asabar idan na dawo daga aikin dare, muddin lokacin sanyi ne. Yakan fito da akwatin katako mai 'yan kafofin shan iska rataye a kafaɗa, ga shebur, ga wata tsohuwar jaka. Yarana suka raɗa masa suna Baba Mai Akwati. Ran nan muka yi kiciɓis a bakin ƙofa, ina cikin gaishe shi sai wani wari ya buge ni, irin wanda na daɗe ban ji ba. Nan take na tuna gidan kakata, daren da bodari ya shiga akurkin kaji. Na leƙa akwatin, sai ga wasu jajayen idanu suna kallona.

Sunan dabbar feret. Hancina bai yi ƙarya ba, dangin bodari ce, sai dai ita ta gida ce, an fi shekara 2,000 ana kiwonta. Ki ƙaddara tunku, amma mai gajerun ƙafafu da jiki laɓu-laɓu kamar babu ƙashi, duk inda kanta ya shiga sauran jikin zai bi. Macen ba ta cika wuce kilo 1 ba, namijin yakan kai kilo 2. Nama kaɗai take ci, kuma barci ne sana'arta, takan kwashe awa 14 zuwa 18 a rana tana shararsa. Akwai fara sol mai jan ido, akwai mai duhu-duhu da baƙi kewaye da ido kamar ta sha kwalli. Dattijon ya fi son farar, wai ko cikin ƙaya ta ɓullo zai hango ta. Mu ma'aikatan lafiya ma tana bin mu bashi. Tana kamuwa da murar mutane, har da atishawa, kuma da ita ne masu bincike a Landan suka fara kama ƙwayar cutar murar infuluwenza ta ɗan Adam a 1933.

Aikinta a wurin dattijon shi ne korar zomaye daga rami. A nan sai mun raba zomo da zomo. Na dajinmu, wanda 'yan farauta ke bi da karnuka da sanduna, ba ya haƙa rami. Cikin ciyawa yake laɓewa, ƙafarsa ce makaminsa, shi ya sa aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na nan daban ne. Shi ne kakan zomon gida, kuma duk wadda ta taɓa kiwon zomo a tsakar gida ta san abin da yake yi wa gindin katanga. A daji gari guda suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa, da lunguna da ɗakunan haihuwa, da ƙofofi goma, ashirin, wani lokaci fiye da haka. Asalinsa daga Sifaniya da Fotugal yake. Sai bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kiwonsa ya kafu a ƙasar, masu hali suna killace shi saboda nama da fata. A hankali ya tsallake shinge ya cika ƙasa.

Ita kuwa zomanya ba ta san tazarar haihuwa ba. Cikinta kamar kwana 30 ne, ta haifi 'ya'ya 3 zuwa 7, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. 'Ya'yan farkon shekara sukan fara tasu haihuwar kafin shekarar ta ƙare. Suna cinye alkama da sha'ir tun suna tsiro, su ɓare bawon ƙananan itatuwa har su bushe, ramukansu su karya ƙafar doki ko saniya, su rarake gefen layin dogo. Manoman nan sukan ce zomo bakwai zuwa goma na cin ciyawar tunkiya guda. Abin ya kai ga doka: tun 1954 wajibi ne a kan mai gona a Ingila da Wales ya rage zomayen da ke filinsa ko ya hana su shiga gonar maƙwabci.

Ɗana mai shekara 9 ya hana ni sakat sai ya ga yadda ake yi. Dattijon ya ce mu zo. Wata Asabar a watan Janairu muka bi shi, ni da maigida da yaron, zuwa wata gonar tumaki a lardin Yorkshire. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, kina takawa tana ƙaras-ƙaras. Abin da ya fara nuna mana takardar izini ce daga mai gonar, a ninke a aljihunsa. In babu ita, ya ce, sunan aikin sata.

Ba a yin wannan farauta sai daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wajen Oktoba zuwa Maris. Dalili biyu ne. Ciyawa ta mutu, ana iya ganin ramuka, sannan babu jarirai da yawa a ƙasa, don in akwai su feret za ta tsaya ta ci ta ƙoshi, ta manta da aikin da aka aike ta. Kwana biyu kafin zuwanmu ya riga ya je ya sassare ƙayar da ta rufe ramukan, ya bar wurin ya huce don hankalin zomayen ya kwanta.

Tun daga nesa ya ɗora yatsa a baki. Ba magana, ba tari, ba taka ƙasa da ƙarfi, kuma ta inda iska ba za ta kai musu warinmu ba muka zagayo. Wannan shi ne sirrin aikin. In zomo ya ji akwai mutum a waje, ya gwammace ya cusa kansa a ƙarshen lungu ya ba feret baya ta yi ta yaƙushinsa, da ya fito.

Sai ya fara shimfiɗa raga. Kowace ƙofa da tata, 'yar ƙarama mai bakin zuge kamar wando mai zariya, igiyarta ɗaure da ɗan turke da ake kafawa a ƙasa. Zomo na afkawa ciki da gudu, nauyinsa zai ja zariyar, bakin ya tsuke, ya zama kamar an sa shi a jaka. Ya fi rabin awa yana wannan aiki a durƙushe. Da na zaci ya gama, sai na ga ya koma yana lalube cikin busassun ganye can nesa da sauran ramukan. Ashe zomaye sukan yi wata ɓoyayyiyar kafa ta gudun tsira, ƙarama, wadda ba a tara ƙasa a bakinta. Wanda bai gano ta ba ya yi aikin banza, ta nan duk za su zare. Ya samo biyu. Ya ƙirga da yatsa, ya nuna wa yaron a tafin hannu: raga 23, feret 2.

Ya ɗaura wa kowace feret ɗan abin wuya mai batir, ya ɗaga gefen raga ya ajiye ta a bakin rami. Ba ya tura ta. Ta sunsuna, jikinta ya ɗan yi rawa, gashin wutsiyarta ya miƙe, ta sulale ciki.

Muka yi tsaye kamar an dasa mu. Minti biyar, minti goma. Yatsun ƙafata suka daina jin komai. Can sai na ji wani abu a tafin ƙafa kafin in ji shi a kunne, dim, dim, dim, kamar ana daka a gida na uku. Zomaye ne ke buga ƙafa da gudu a ƙarƙashinmu. Kafin in ƙifta ido wani abu toka-toka ya yi fitar burgu daga wata ƙofa, ragar ta naɗe shi, yana birgima. Dattijon da na ɗauka ba ya iya sauri ya riga ya isa, ya toshe ƙofar da ƙafa, ya sa sabuwar raga, sannan ya kama zomon.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya biyo baya bai yi mini daɗin gani ba. Karya wuyansa yake yi, cikin daƙiƙa biyu an gama. A wurinsu wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga dabbar. A wurinmu kuwa ya zama mushe, don haka da ya ce zai ba mu biyu mu kai gida, maigida ya yi godiya ya yi masa bayanin yanka. Bai ji haushi ba. Ya ce naman ba ya asara, wani na tukunyarsa ne, wani na maƙwabta, ragowar kuma abincin feret ɗin ne har bazara.

Da na dawo gida na bi diddigin sana'ar, na tarar ta girmi Ingilar ma. Wani marubucin Girka mai suna Strabo, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya ba da labarin yadda mutanen Sifaniya ke ɗaure bakin wata dabba da ake kawowa daga Arewacin Afirka su tura ta ramin zomo. Wani kuma Barome, Pliny, ya ce mutanen tsibiran Baliyarik har roƙon Kaisar Agustas suka yi ya aiko musu da soja, don zomaye sun jefa su cikin yunwa. Abin da ya fi burge ni wani zane ne a cikin wani littafin addu'o'i na farkon ƙarni na 14 da ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Mata biyu ne da dogayen riguna da lulluɓi, ɗaya na saka feret a rami, ɗayar na tare wata ƙofar tana jiran zomo. Ashe aikin mata ne ma a da. A 1390 aka yi dokar hana duk wanda filinsa ba ya kawo masa sule 40 a shekara ajiye feret, don kada talaka ya taɓa zomon mai gari. Sai a 1880 manomin haya ya samu ikon kashe zomon da ke cinye masa shuka a gonar da yake nomawa. Kusan shekara 500 talaka na kallon ɓarawon amfaninsa, doka ta ɗaure masa hannu.

Mu koma gonar. Wajen azahar an kama zomo 11, feret ɗaya ta fito tana hamma ya mayar da ita akwati. Ɗayar shiru. Rabin awa shiru. Dattijon ya ce ta yi kisa a ƙasa, ta ci, ta kwanta barci a jikin gawar don ɗumi. Ya ciro wata 'yar na'ura kamar rediyo yana yawo da ita a saman ƙasa, tana ƙara tana raguwa, har ta nuna masa daidai inda abin wuyan yake da zurfin wurin. Kafin a ƙirƙiro wannan na'ura, ya ce, wani ƙaton namijin feret ake ɗaura wa doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli a tura shi, a ƙirga ƙullin da ya shige, sannan a bi igiyar da haƙa. Ya tuɓe kwat, mutum mai shekara fiye da 70, ya kama shebur a ƙasar da sanyi ya mayar kamar dutse. Maigida ya karɓe shi suka yi ta canji. Sai da ramin ya kusa kai ƙugu suka fasa lungun. Ya fara tura sanda, sannan ya zura hannu har kafaɗa ya jawo ta, tana lumshe ido kamar yaron da aka tasa sallar asuba.

Wannan zura hannun kada ɗanki ya kwaikwaya in sun fita haƙar gafiya. A nan macijin da ke da dafi iri ɗaya ne tak, kuma da sanyi barci yake. Ramin gafiya a wurinmu kuwa gidan haya ne, kububuwa da gamsheƙa duk suna kama ɗaki.

Suna cikin haƙar ne na yi tambayar da na yi nadamar yi. Na ce, Baba, me zai hana ka bar ta, gobe ka dawo, ko ka sayi wata, tunda ba tsada gare ta ba? Ya tsaya ya jingina da shebur ya dube ni. Ya ce duk abin da ya saka a cikin ƙasa sai ya fito da shi kafin ya tafi gida. In ya bar ta, ko yunwa ta kashe ta, ko ta fito cikin dare ta gama da kajin mutumin da ya yarda da shi, ta bi ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Raga ɗaya ma in ya manta, bushiya za ta shiga ta shaƙe.

Ba camfi ba ne, an gani a aikace. A shekarun 1880 zomayen da Turawa suka kai Niyu Zilan suka cinye wa tumaki ciyawa, sai aka saki dubban feret da 'yan uwanta a daji, babu abin wuya, babu igiya, babu mai jira a bakin rami. Masana tsuntsaye sun yi gargaɗi ba a saurare su ba. Dabbobin suka tarar da abinci mafi sauƙi, wato tsuntsayen ƙasar irin su kiwi waɗanda ba sa tashi sama. Har yau ana fama, a 2016 gwamnatin ƙasar ta ɗibar wa kanta wa'adin 2050 don ta kawar da su tare da ɓeraye. A Ostireliya kuma zomo 24 wani mai gona, Thomas Austin, ya saka a filinsa a 1859 don ya riƙa samun na harbi. Kafin shekara 100 ana lissafinsu da ɗaruruwan miliyoyi.

Sai aka nemi gajeriyar hanya, aka ɗauko cuta. Sunanta miksomatosis, sauro da ƙuma ke yaɗa ta tsakanin zomaye, ba ta kama mutum. An sake ta a Ostireliya a 1950. A 1952 wani likita a Faransa, Paul Armand-Delille, ya yi wa zomo biyu allurarta ya sake su a gandunsa, yana ganin katanga za ta tsare ta. Katanga ba ta tsare sauro. Ta mamaye Faransa, a 1953 ta ɓulla a lardin Kent na Ingila, cikin 'yan shekaru ta kashe kusan 99 cikin 100 na zomayen ƙasar. Dattijon yana yaro ƙarami a lokacin, amma ya ce bai manta ba: zomaye a bakin titi, ido ya kumbura ya rufe da ruwa, ba sa gani ba sa gudu, suna jiran mutuwar da takan ɗauki kusan mako biyu. Iyalan talakawa da suka dogara da naman zomo lokacin yaƙin duniya na biyu suka daina cinsa don ƙyama. Ciyawar da zomaye ke aske wa tuddai ta yi tsawo, har wani shuɗin malam-buɗe-littafi da rayuwarsa ta rataya a kan gajeriyar ciyawa ya ƙare a ƙasar a 1979, sai daga baya aka sake kawo irinsa daga Suwidin. Zomayen kuwa, 'yan kaɗan da suka tsira suka haifi masu jure cutar, suka sake cika gonaki. Cutar na nan, zomon na nan.

Na tambaye shi guba fa? Ya ce a Birtaniya doka ba ta yarda a sa wa zomo abinci mai guba ba. Abin da aka yarda da shi wata ƙwaya ce da ake jefawa a rami a toshe, danshin ƙasa ya sa ta fitar da iska mai kisa, kuma sai mai takardar shaidar horo ke iya sayenta, ba a kuma sa ta kusa da ginin da mutane ko dabbobi ke ciki. Ya faɗi sunanta: Phostoxin.

Gabana ya faɗi. Uwargida, kin san ta. Ita ce ƙwayar nan mai ruwan toka da ake naɗewa a tsumma ko takarda a cusa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari. Abin da a nan sai da horo da abin rufe fuska ake taɓawa, mu a kasuwa ake ƙirga mana shi a tafin hannu, mu kai buhun ɗakin da yara ke kwana. Iskar da take fitarwa takan yi warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, tana ratsa buhu, tana bi ta saman bangon da bai kai rufi ba zuwa ɗaki na gaba. Ba ta da makari. Abin da kawai muke iya yi a asibiti shi ne mu tallafi zuciya da numfashi mu yi ta addu'a. In kina da hatsin ajiya, buhun nan mai ninki uku na PICS ko jarka mai murfi da ke hana iska shiga suna kashe ƙwarin ba tare da ko ƙwaya ɗaya ba.

Amma ba wannan ne ya sa na yi shiru a bakin ramin ba. Wani abu na tuna wanda ban taɓa rubutawa a wannan fili ba.

Shekara shida da suka wuce, muna Kano, ɓeraye suka addabe mu. Na dawo daga aiki a gajiye, na tsayar da mai tallan nan na lasifika, na sayi shinkafar ɓera a ƙulle a farar leda, babu suna babu rubutu. Da dare na zuzzuba a murfin kwalba na tura lungu-lungu, bayan firji, ƙarƙashin kabad, gindin buhun shinkafa. Na ce da asuba zan kwashe. Ban ƙirga ba. Ni da nake ƙirga ƙwayar magani sau biyu kafin in miƙa wa majinyaci, ban ƙirga ba.

Da safe ina shara na tattara murfi huɗu. Na juyo sai ga 'yata, lokacin tana da shekara ɗaya da wata biyu, zaune a gefen firji da na biyar a hannunta. Babu komai a ciki. Bakinta jiƙe da yawu.

Ɓera ne ya cinye cikin dare, ko ita ce? Biyar na ajiye ko shida? Maƙwabciyata ta rugo da kwalbar manja, Allah ya saka mata, niyyarta alheri ce, amma na hana. Ɗura wa yaro manja ko madara, ko sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, ba ya fitar da guba yadda ake zato, kuma abin na iya sarƙe shi ya gangara huhu, a samu ciwo biyu. Na goge mata baki, na ɗauki ledar da ragowar maganin, muka kama hanyar asibiti.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, wane iri ne? Na miƙa masa farar leda. Muka kalli juna. Maganin ɓera ba ɗaya ba ne. Akwai mai tsinka jini, wanda yaro zai sha ya ci gaba da wasansa garau, sai bayan kwana biyu ko uku jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari ko bayan gida. Wannan yana da makari, bitamin K, in an gano da wuri. Akwai kuma ɗan uwan ƙwayar buhun wake, baƙin gari mai sa amai da ciwon ciki cikin awoyi kaɗan, shi kuwa babu makari. In babu takardar jikin maganin, likita lalube yake a duhu. Aka kwantar da mu ana lura da ita. Kwana biyu ina buɗe bakin yarinyar nan ina duba dasashinta, ina bincika kowane kunzugu da fitilar waya, har aka yi gwajin daskarewar jini ya fito lafiya. Alhamdu lillahi, ashe ɓeran ne ya riga ta. Da muka koma gida sai da na fitar da kayan ɗakin kaf tsakar gida ina neman murfi na shida. Har yau ban san ko akwai shi ba.

Kada ki ce na ce a ƙyale ɓera. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci yake kama mutane, musamman da rani. Dole a yaƙe shi. Abin da na koya a gonar tumakin nan shi ne ta inda ake farawa. Dattijon ya ɓata lokacin neman ƙofofi fiye da na kamun kansa. Ke ma ki barbaɗa toka ko garin tuwo a gindin bango da dare, da safe sawun zai nuna miki hanyarsa har ɓoyayyiyar kafar, wadda galibi takan kasance inda bututun ruwa ya ratsa bango ko ƙarƙashin ƙofa. Ki toshe da siminti, ba tsumma ba. Hatsi da garin tuwo su koma mazubi mai murfi, kwanukan dare a wanke kafin a kwanta, don in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sannan tarko. Tarko ana ƙirga shi, ana ɗana shi bayan yara sun yi barci a kwashe kafin su tashi, kuma abin da ya kama kina ganinsa, ba ya tafiya ya mutu a inda kaza ko kyanwa za ta ci. Mataccen kuma ki sa leda a hannu ki ɗauka, a binne, ki wanke hannu da sabulu.

In kuwa ya zama dole sai guba, ki sayi mai kwali da suna, ki ajiye kwalin. Wayar nan da kike karanta ni da ita, ki ɗauki hoton kwalin, ki ɗauki hoton kowane wurin da kika ajiye. Da asuba hotunan za su gaya miki ko biyar ne ko shida.

Ita ma farautar feret ba waliyyiya ba ce. Ba ta ƙarar da zomo, rage shi take yi, baɗi sai an dawo. Akwai masu kare haƙƙin dabbobi a nan da ke ƙyamarta, kuma da na ga bayan wani zomo da feret ta yaƙushe a lungu na fahimci dalilinsu. Manomin da ke gaggawa ya fi son shingen waya ko bindiga. Masu yin ta ma raguwa suke, dattijon ya ce jikokinsa ba sa iya tsayuwar minti goma ba su duba waya ba.

La'asar na yi a watan Janairu a nan duhu ke shigowa. Ya mayar da ƙasar ramin da suka haƙa, ya jera ciyawar a kai ya tattake har ba ki gane an taɓa wurin. Ya buɗe akwati: feret 2. Ya fara ninke raga yana ƙirgawa, ya tsaya a 22. Ya sake ƙirgawa. Maigida ya dubi agogo, ni kuma ina da aikin dare ƙarfe takwas. Dattijon ya ce mu yi gaba, shi zai tsaya. Ban san lokacin da na kunna fitilar wayata na durƙusa cikin ganye ba. Kusan minti 20 muna lalube, mu huɗu, kafin yaron ya yi ihu daga can gindin shinge, a ɓoyayyiyar kafar nan ta biyu, ya ɗago ta sama da turkenta yana reto.

A mota ya fara roƙon a saya masa feret. Na ce a'a, kuma ba don warin kaɗai ba, ko da yake sai da na wanke hijabina sau biyu kafin ya fita. Likitoci sun rubuta rahotannin jariran da feret ta ciji a fuska suna barci, mu kuwa muna sa ran baƙo a watan Yuni in Allah ya yarda. Dattijon ya yi masa alƙawarin zai koya masa saƙa raga, ranar Asabar za su fara.